Daminar da Na Koyi Karatu a Bangon Madafa

Ranar wata Asabar ce, kwana uku da saukar ruwan shuka, a shekarar da nake aji uku na firamare, muka ga Baba ya dawo daga gona tun hantsi bai gama ɗagawa ba. A ƙauyenmu, can gefen Sandamu, namiji ba ya baro gona a irin wannan mako sai da babban dalili, don haka Inna ta jingine taɓarya tana tambayar ko lafiya. Murmushi kawai ya yi mata. A kafaɗarsa akwai tsohon buhu da guntun siminti a gindinsa, wanda ya roƙo wajen maginin unguwarmu, a hannunsa kuma cokalin gini na aro. Ya wuce kai tsaye zuwa bangon madafa, ɓangaren da inuwar darbejiya ke rufewa da la'asar, ya sa na tsaya a jikinsa na ɗaga hannu, ya zana alama daidai inda yatsana ya kai. Daga nan ya kwaɓa simintin da yashi, ya yaɓa, ya bi da gindin kwalba yana gogewa har wurin ya yi sulɓi. Ni da ƙannena biyu muna ta tsalle muna ɗebo masa ruwa a gwangwani, ba mu ma san abin da ake ginawa ba. Da ya gama sai ya aike mu gida-gida mu tattaro matattun baturan rediyo. Muka bazama cikin gari da gudu, muka dawo da su cike da ƙwarya. Washegari, bayan shafen ya sha iska, ya farfasa su, ya zazzage baƙin garin da ke ciki, ya dama da ruwan ƙaro irin wanda yake haɗa tawada da shi, ya shafe wurin sau biyu. Sai ga allo baƙi wuluk a tsakar gidanmu, irin na makaranta sak, har ya fi na ajinmu kyau. Na yi ta zagaya shi ina ihu, na manta ɗungurungum cewa abin kunyar da na jawo ne ya sa aka yi shi.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma tun da aka sa ni makaranta nake son ta kamar me. Littafin karatun Hausa ɗaya ne muke haɗa kai a kansa mu uku a benci, malaminmu na farko kuwa shi yake karantawa mu bi shi da amshi. Allah ya ba ni kunne mai kama abu, duk abin da na ji sau biyu ya zauna. Kafin a je ko'ina na haddace littafin nan daga bango zuwa bango. In na aro shi na zo da shi gida, sai in buɗe a gaban Baba in riƙa jan yatsa a kan layi ina rangaɗa karatu da murya, shi kuwa ya yi ta gyaɗa kai, har a majalisarsu ta ƙofar masallaci yakan ba da labarina. Ni kaina ban san ba karatu nake yi ba. Na san sunayen wasu baƙaƙe, amma ban taɓa gane cewa su ne suke haɗuwa su zama maganar da nake rerawa ba.

Asirina ya tonu ne da aka kawo mana sabuwar malama a zango na uku, Malama Hajara, wata doguwar mata mai sanyin murya da ake kawowa a mashin daga Sandamu kowace safiya. Rannan ta rufe littafi, ta rubuta wata jimla tata ta kanta a allo, ta ce wa zai karanta. Duk aji aka nuna ni. Na miƙe da ƙarfin gwiwa, na dubi allon, na ga ban san ta inda zan kama ba, sai kawai na ɗauko shafin farko na littafinmu na fara zubawa. Aji ya kwashe da dariya. Ƙawata Uwani, wadda muke zama benci ɗaya, ita ta fara cewa "aku", kafin a tashi tara sunan ya bi ni har bakin rijiya. Malama ba ta dake ni ba. Ranar Alhamis da aka tashi sai ta biyo ni har gida, ta zauna a tabarma, ta sha furar da Inna ta dama mata, sannan ta gaya wa iyayena gaskiya: saura mako bakwai a yi jarrabawar ƙarshen shekara, in ban iya karatu ba kafin nan, zan maimaita aji uku, ƙawayena su wuce su bar ni. Ina laɓe a bayan rumbu ina ji, hawaye na bin kumatuna.

Na ɗauka ranar zan sha bulala. Da Malama ta tafi Baba ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Rabi, saboda haka bai taɓa kirana da shi ba, sai dai ya ce "Uwata". Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Uwata, laifin nan nawa ne. Na ji daɗin murya ban duba ido ba. Kin hau hadda ba ki yi babbaƙu ba." Baba bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma ya yi karatun allo har ya sauke, kuma ya san yadda ake ɗora yaro: a fara da babbaƙu, a zo farfaru, sannan a koyi haɗawa. A ganinsa karatu duk karatu ne, ko daga dama aka faro ko daga hagu. Abin da ya sa ya bar shuka ya tafi neman siminti ke nan.

Kowa a gidan sai da ya kawo nasa. Malama ta ba ni takarda ɗaya da ta jera baƙaƙe da wasula a kai, da 'yan guntayen alli da suka rage mata. Da suka ƙare, Kaka ta kwance ƙullin allinta na kaɗi, wanda take shafa wa yatsu in tana murza mazari, ta gutsuro mini tana mita wai takwararta za ta talauta ta. Babbar sadaukarwa kuwa Inna ce ta yi. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ni nake zagaya mata gari da tire kowace yamma. Ranar da allon ya bushe ta sauke mini tallan nan gaba ɗaya, ta ce mai so ya biyo har gida. Na san cinikinta ya ragu, domin na sha ganin ƙulin jiya a cikin na yau, amma ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba.

Da an idar da sallar la'asar Baba zai shigo, ƙafafunsa duk jar ƙasar gona, ya jawo turmi ya kifa ya zauna a gaban allo kamar ɗan aji ɗaya. Ni ce malama. Zan rubuta baƙi, in faɗi sunansa, in ɗora masa wasali, shi kuma ya maimaita: ba, be, bi, bo, bu. Da farko na zaci zan iya yi masa wayo tunda bai san boko ba, ashe na manta mutumin da ya riƙe izu sittin a ka ba a yi masa rufa-rufa. Abin da ya gani jiya ba ya ɓace masa. Baƙaƙe biyu ne suka fi wahalar da ni, b da d, kullum sai na juya su. Rannan na nuna ɗaya na ce "da", sai ya ɗaga gira ya ce, "Ikon Allah! Jiya wannan 'ba' ne, yau kuma ya sauya suna? Ko ragon suna aka yanka masa ba a gayyace ni ba?" Muka yi ta dariya har da Kaka. Inna ce ta raba gardamar daga bakin murhu. Ta leƙo, ta ƙura wa baƙaƙen ido, ta ce ai mata biyu ne suke tafiya hanya ɗaya, guda tana da ciki a gaba, guda tana da goyo a baya. Daga ranar b ta zama mai ciki, d ta zama mai goyo, ban sake rikita su ba. Masu ƙugiya kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, ta ce su ne waɗanda suka ɗaura ɗankwali.

Cikin mako biyu gidanmu ya koma kamar an yi ruwan rubutu. Inna ta ba ni gawayi ta ce in bi kowane abu in rubuta masa sunansa. Na rubuta wa turmi, na rubuta wa randa, na rubuta wa rumbu da akurkin kaji, har jakin Baba sai da na gwada, ya yi tutsu ya watsar da ni. In tana tuyar ƙuli sai ta nuna abu da ludayi ta ce in karanta mata, in kuwa na yi saurin faɗa sai ta ce, "A'a, wannan kin gani ne da ido. Bi shi ɗaya-ɗaya in ji." Ranar Asabar da Lahadi, in na kai wa Baba abinci gona, yakan share danshin rairayi a gindin gawo da tafin hannu, ya faɗi kalma ya ce in rubuta da tsinke: gero, wake, fartanya, gajimare. In kalmar ta yi mini tsawo na tsaya ina zare ido, sai ya ce, "Kalma kamar tuwo ce, Uwata, loma-loma ake cin ta." Akwai kuma wata yamma da ba na mantawa. Inna, saboda kunyar 'yar fari, ba ta taɓa furta sunana ba, "ke yarinya" take ce mini. Ranar Baba bai shigo da wuri ba, sai ta matso kusa da allon, ta waiga ta ga ba kowa, ta ce a hankali in rubuta mata sunana ta gani. Na rubuta. Ta sa yatsanta mai maiƙon gyaɗa ta bi baƙaƙen nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta yi murmushi, ta koma bakin murhunta.

Ba kullum ne abin yake daɗi ba. A mako na uku, ina tsaye gaban allo, na jiyo su Uwani a ƙofar gida suna carafke suna shewa, wata ta ɗaga murya ta ce a kira aku ta fito. Na yi jifa da alli na fashe da kuka, na ce ni na fasa, a bar ni in maimaita. Baba bai yi faɗa ba. Ya tsince allin ya ce in tafi in yi wasana, domin ko jaki in aka cika masa kaya durƙushewa yake yi. Daga ranar ya sa doka: da rana ta sauko kan kukar bayan gida an tashi karatu, ko an gama ko ba a gama ba. Inna kuma ta yi nata dabarar. Washegari ta kira su Uwani ciki, ta ba kowace ƙuli mai zafi, ta ce su zo su ga makarantar gidanmu. Da suka ga allon nan sai suka saki baki suna kallo. Kowace tana son ta riƙe alli. Nan take wasan ya koma na makaranta, muna karɓa-karɓa wajen zama malama, ƙannena da 'ya'yan maƙwabta su ne ɗalibai, Kaka kuma ta naɗa kanta hedimasta daga kan tabarmarta. A nan na gano Uwani ma tana tuntuɓe a wasu kalmomin, sunan aku kuwa ya mutu da kansa.

Saura mako biyu jarrabawa, wata Asabar, Baba zai je Daura sayen taki, ya ce in shirya in raka shi. Ban taɓa shiga Daura ba sai a goye. Na sa atamfata ta sallah, na haye bayan tsohon mashin ɗinsa na ƙanƙame shi, gonaki kore shar suna wucewa dama da hagu. Tun daga bakin gari ya ce aikina ɗaya ne, duk rubutun da na gani in karanta masa. Kai, ashe duniya cike take da rubutu! A bango, a ƙofar shago, a jikin buhu, a bayan keke. Da yawa na Turanci ne, in na haɗa su sai su fito wani iri, Baba ya ce in bar su, lokacinsu na zuwa, in nemi namu. Kusa da tasha na hango wani da jan fenti a jikin katanga. Na bi shi loma-loma a zuci, sai na ji magana ta fito sarai, maganar da ba wanda ya taɓa karanta mini ita. Don murna ban san sanda na kwarma ta da ƙarfi ba: "Ba a fitsari a nan!" Wani bawan Allah da ya riga ya tattare riga zai tsuguna ya zabura ya waigo. Masu shayi da 'yan acaɓa suka bushe da dariya, Baba na ba mutumin haƙuri yana dariya har da hawaye.

A hanyar komawa, buhun taki ɗaure a bayana, wata babbar mota mai bodin katako ta wuce mu, an yi mata dogon rubutu da manyan baƙaƙe a baya. Na kama kalmar farko, "komai", na kama ta biyu, "nisan", sai motar ta fara yi mana nisa. Na daki bayan Baba ina ihu, "Baba, kada ka bari ta tsere, ban gama ba!" Sai na ji ya ƙara wuta. Tsohon mashin ɗin nan ya riƙa kuka yana karkarwa, iska na neman tuge mini ɗankwali, ni kuwa idona na kan katakon. "Ji... jifa!" Motar ta shiga rami, rubutun ya yi tsalle, na nemo inda na tsaya. "Ƙa... sa..." Baba ya san karin maganar nan tun kafin a haife ni, da ya so da kalma ɗaya zai ƙarasa mini, amma ya kame bakinsa. Sai da na kai ƙarshe da kaina, na haɗa ta gaba ɗaya na faɗa: "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo!" Sannan ya sassauta, ya gangara gefen titi ya tsaya. Muka duba, ashe mun wuce kwanar garinmu tun tuni. Ya juyo ya dube ni, idanunsa sun yi ja, ban sani ba ko iska ce, ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu kam ke kika karanta."

Ranar jarrabawar karatu Malama Hajara ta sa aka fito mata da kujera gindin bishiyar makaranta, tana kiranmu ɗaya-ɗaya. Ba littafi a hannunta. Wani ɗan labari ne ta rubuta da hannunta a takarda, don kada kowa ya kawo mata hadda. Da aka kira ni sai ta miƙo mini takardar. Labarin wata akuya ne da ta tsinke igiya ta shiga gonar wake. Na fara a hankali, ina ji kamar ina taka gadar kara. A layi na uku na ci karo da "tsintsiya", na tsaya cak. Malama ta zuba mini ido. Na ja numfashi, na gutsura ta gida uku, ta fito. Daga nan sai hanya ta buɗe, har na kai inda mai gona ta biyo akuyar da tsintsiya tana zage-zage, na tuntsire da dariya a tsakiyar jarrabawa. Malama ma ta yi dariya, ta ce wanda ya yi dariya a wurin nan ya fahimci abin da ya karanta.

Ranar da aka ba da sakamako ban tsaya jiran kowa ba, da gudu na iso gida, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ban zo ta ɗaya ba, ban ma shiga cikin goman farko ba. Amma a ƙasan katin, inda malamai kan yi sharhi da Turanci, Malama ta rubuta nata da Hausa da gangan. Baba ya baro gona, Kaka ta ajiye mazari, Inna ta fito da hannu duk ƙullun gyaɗa, na tsaya a tsakar gida na karanta musu da bakina: "Rabi ta iya karatu. Ta wuce aji huɗu. A gaishe da malamanta na gida." Inna ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Ranar an yanka zakara, kuma ni aka ba cinya.

Yau ina zaune a cikin Daura, ina aikin jinya, ina da 'ya'ya uku. Baba ya riga mu gidan gaskiya, Kaka ma haka, Inna kuma tsufa ya kama ta. 'Ya'yana kowa da jakarsa cike da littattafai nasa na kansa, akwai malamin da ke zuwa yi musu darasi, akwai waya mai rera musu baƙaƙe da zane mai motsi. Ba abin da suka rasa a cikin abubuwan da ni na rasa. Amma kwanan baya ƙaramarsu, Safiya, ta zo da littafinta ta ja mini zane ta ce, "Umma, zo ki ji na iya." Na ce mata ina zuwa, ban ko ɗago kai daga waya ba. Can da na waiga sai na gan ta a lungu ita kaɗai, tana motsa baki ba mai saurare. Na tuna mutanen da ba su san ko baƙi ɗaya na boko ba, a tsakiyar damina, lokacin da manomi ba shi da lokacin kansa, amma kullum sai sun sami yammacin da za su ba ni. Na kife wayar, na je na zauna a ƙasa kusa da ita, na ce ta faro daga farko. Ashe zama kusa da yaro ma koyarwa ce.